Wa Ke Tsayawa Shaida Ranar Da Aka Harba Mutum Sama?

Makonni kafin hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba mutane a cikin kumbo, takan fitar da wata gajeriyar sanarwa wadda ba kasafai take shiga kanun labarai ba. Sanarwar tana gaya wa 'yan jarida ranar da za a rufe karɓar takardun masu son zuwa Cibiyar Kennedy da ke jihar Fulorida su ga tashin da idonsu. Wa'adi biyu ake sawa: na baƙin da ba 'yan ƙasar Amurka ba shi ke fara cika, na 'yan gida ya biyo baya. Mai nema zai nuna gidan jaridar da yake wa aiki, ko takardar editan da ya aiko shi idan mai zaman kansa ne, a bincike shi, sannan a ba shi kati ko a hana shi. Haka aka yi wa shirin Artemis II, tafiyar da aka tsara domin Reid Wiseman da Victor Glover da Christina Koch da ɗan Kanada Jeremy Hansen su zagaya wata, karo na farko da aka shirya kai ɗan Adam nesa haka tun Apollo 17 na watan Disambar 1972. A ido, wannan aikin akawu ne kawai. Ni kuwa ina ganin a kan wannan teburin tantancewa ake yanke abin da duniya za ta sani game da tafiyar, musamman ranar da al'amari ya lalace. Hukuma tana da haƙƙin tace masu shiga saboda tsaro da ƙarancin wuri. Abin da ba ta da haƙƙinsa shi ne ta mayar da katin tukuici ga mai yabo, ko takunkumi ga mai tambaya, ko kuma ta bar shi ya zama gadon 'yan wasu ƙasashe ƙalilan.

Wanda yake son sanin darajar katin nan ya dubi abin da ya faru a inda babu shi. Tarayyar Sobiyet ce ta fara kai mutum sararin samaniya, kuma babu mai musun bajintar injiniyoyinta, amma a bayan labule ta yi aikin. Ranar 12 ga Afrilu, 1961, sai da Yuri Gagarin ya riga ya tashi yana zagaya duniya kafin kamfanin dillancin labarai na TASS ya sanar. Ko sunan filin harbawar, Baikonur, aro shi aka yi daga wani garin masu haƙar ma'adinai mai nisan ɗaruruwan kilomita domin a ɓad da sawu. Ainihin wurin yana kusa da tashar jirgin ƙasa ta Tyuratam a Kazakistan. Babban injiniyan shirin, Sergei Korolev, jama'a ba su ji sunansa ba sai bayan rasuwarsa a watan Janairun 1966. An shekara goma ana ɓoye cewa Gagarin bai sauka a cikin kumbonsa ba, fitowa ya yi ya ƙarasa da laima. Waɗannan duk ƙanana ne idan aka tuna rayukan da aka binne tare da labarinsu. Ranar 24 ga Oktoba, 1960, wani makami mai linzami ya yi bindiga a wannan fili ya kashe mutane da dama, har da Marshal Mitrofan Nedelin, sai aka ce wa jama'a haɗarin jirgin sama ne ya ci shi, gaskiya ba ta fito ba sai 1989. A watan Maris na 1961, makonni uku kafin tafiyar Gagarin, wani matashi mai koyon aikin sama jannati, Valentin Bondarenko, ya ƙone a ɗakin gwaji mai cike da iskar oksijin. Sai 1986 jaridar Izvestia ta ba da labarinsa. A tsakani, a watan Janairun 1967, Amurkawa uku, Gus Grissom da Ed White da Roger Chaffee, sun mutu a gobarar kumbon Apollo 1, shi ma cike da oksijin. NASA ta san haɗarin wannan iska tun kafin nan, don haka ba za a ɗora wa shirun Mosko jininsu ba. Amma darasin da aka saya da ran mutum an kulle shi shekara 25, ba a bar kowa ya amfana da shi ba.

Amurka ta bi wata hanyar, ba kuwa don tsarkin zuciya kaɗai ba. Zamanin yaƙin cacar baki ne, tana so duniya ta ga bambancinta da abokiyar hamayya. Ta kuma ɗanɗana kuɗarta tun da wuri, domin ranar 6 ga Disamba, 1957, rokar Vanguard ta ɗaga kaɗan daga ƙasa ta faɗo ta kama da wuta a gaban kyamarori, jaridun duniya suka samu abin dariya. Duk da haka dokar da ta kafa NASA a 1958 ta wajabta wa hukumar yaɗa bayanin ayyukanta da sakamakonsu gwargwadon yadda zai yiwu kuma ya dace. Ɗan sama jannati Alan Shepard ya tashi ranar 5 ga Mayu, 1961, ana kallonsa kai tsaye a talabijin. Da ajali ya sauka, da a gaban kowa zai sauka. Da aka zo kan Apollo 11 a watan Yulin 1969, 'yan jarida kusan 3,500 aka ba wa kati, wajen kashi ɗaya cikin ukunsu daga wasu ƙasashe 55. Dubban mutanen da NASA ba ta biyansu albashi, masu harsuna da ra'ayoyi daban-daban, sun ga tashin rokar, sun saurari zancen da ake yi tsakanin kumbo da ƙasa, sun yi tambayoyi, kowa ya rubuta nasa. Wannan na cikin dalilan da suka sa masu cewa saukar wata shirin fim ne suka kasa samun gindin zama a wurin masu neman hujja. Hukumar da ita kaɗai ke ba da labarin kanta, ko da gaskiya ta faɗa, ba ta da wanda zai gaskata ta.

Ranar murna kowace hukuma mai buɗe ƙofa ce, sai ranar masifa ake gane halinta. Ranar 28 ga Janairu, 1986, kumbon Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 bayan tashi, mutum bakwai suka hallaka, cikinsu har da malamar makaranta Christa McAuliffe, wadda ɗalibai ke kallo a azuzuwansu. NASA, duk da sunan da ta yi, ta yi gum kusan sa'a biyar, ta kuma riƙe fina-finan da ke cikin kyamarorin da kafafen labarai suka kafa kusa da wurin harbawa. Ranar 9 ga Fabrairu jaridar New York Times ta buga takardun cikin gida da ke nuna cewa an daɗe ana gargaɗi a kan zoben robar da ke toshe mahaɗar rokokin gefe. Kwana biyu bayan haka masanin kimiyya Richard Feynman, ɗan kwamitin binciken da Shugaba Reagan ya kafa, ya tsoma guntun robar a ruwan ƙanƙara a gaban kyamarori, ya nuna yadda sanyi ke sandarar da ita. Kafin watan ya ƙare, wakilan gidan rediyon NPR suka kawo labarin yadda injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol suka yi ta roƙon a ɗage tashin a daren jajibiri saboda sanyi, manyansu suka yi watsi da roƙon. Kwamitin ya yi aikinsa, kuma ya cancanci yabo. Amma matsin lambar 'yan jarida ce ta hana a mayar da binciken zancen cikin ɗaki, ita ce kuma ta sa talakan Amurka ya fahimci cewa ba roba kaɗai ta kashe mutanen nan ba, har da shugabancin da ya ƙi sauraron na ƙasa da shi.

Mai lura zai tare ni a nan ya ce waɗannan manyan labarai ba daga rumfar 'yan jarida ta Kennedy suka fito ba. Masu katin sun kalli tashin irin wannan kumbo sau 24 kafin ranar haɗarin Challenger, ba su gano cewa zoben na ƙonewa ba. Wannan zargi gaskiya ne, kuma ciwon ya girmi Challenger. Tun a 1959 mujallar Life ta biya dala 500,000 domin ta mallaki labarin rayuwar 'yan sama jannati bakwai na farko ita kaɗai, abin da ta riƙa bugawa kuwa ya fi kama da kirari. A farkon 1986 ma, 'yan jarida sama da 1,700 ne suka nemi gurbi a shirin NASA na kai ɗan jarida sama, shirin da haɗarin ya kawo ƙarshensa. Idan baki ya ci, ido kan ji kunya, wanda kuma yake fatan a ɗauke shi a kumbo da wuya ya tsananta tambaya a kan lafiyar kumbon. Sai dai a duba inda wannan ladabin ƙarya yake tsirowa. Yana tsirowa ne inda kati yake da wuyar samu, inda jami'i ɗaya zai iya janye shi ba tare da ya faɗi dalili ba, har ɗan jarida ya fara auna kowace tambaya da tsoron kada a rufe masa ƙofa a tashi na gaba. Maganinsa shi ne a ba katin kariya, a kuma yawaita irin mutanen da ke riƙe da shi. Sannan injiniyan da zuciyarsa ta kasa ɗaukar abin da ya gani ba ya kiran wanda bai san bambancin injin roka da tankin mai ba. Yana neman wanda ya shekara da shekaru yana zuwa wurin, yana halartar tarukan bayani, har ya iya harshen aikin. Wannan sani a bakin ƙofa ake tara shi.

Hujjar da ta fi kowace karɓuwa a yau ita ce ta kyamara. Ana cewa NASA da kamfanonin da ke mata aiki suna watsa komai kai tsaye a intanet, da hoto daga jikin roka da cikin kumbo, mai tsabtar da babu ɗan jaridar da zai iya ɗaukar irinsa daga nisan kusan kilomita biyar inda ake tsayar da shi. To me zai je yi? Ganin Dala ba shiga birni ba ne. Wanda ya riƙe kyamara shi ke zaɓen inda za ta kalla da lokacin da za a yanke. Ranar 11 ga Yuli, 2021, attajirin Ingila Richard Branson ya tashi a jirgin kamfaninsa na Virgin Galactic, kamfanin ya watsa bikin da kansa, kowa ya ga murmushi da tafi. Sai a farkon watan Satumba mujallar New Yorker ta bayyana cewa fitilar gargaɗi ta kama wa matuƙan a lokacin hawa, kuma jirgin ya fita daga layin da aka yarje masa. Bayan fitar labarin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta dakatar da jirgin har a gama bincike. Miliyoyin da suka kalli hoton kai tsaye babu wanda ya ga wannan. A ƙasar Sin kuma, a watan Satumbar 2008, kamfanin dillancin labarai na Xinhua ya saki rahoton nasarar tafiyar Shenzhou 7, har da hirar 'yan sama jannatin a sama, alhali rokar ba ta bar ƙasa ba tukuna.

Ko a gidan NASA kanta, abubuwan da suka fi shafar ran mutum ba a cikin hoton kai tsaye suke fitowa ba. Kumbon Orion na Artemis I, wanda ya zagaya wata babu mutum ya dawo ranar 11 ga Disamba, 2022, garkuwarsa ta zafi ta ɓarɓashe a wurare sama da ɗari. Hotunan da suka nuna girman ɓarnar sai a watan Mayun 2024 jama'a suka gan su, a rahoton ofishin Sufeto Janar na hukumar. Ofishin nan ne kuma ya ƙiyasta cewa kowane ɗaya daga cikin tashi huɗu na farko na Artemis zai ci dala biliyan 4.1. Haka kuma, 'yan sama jannati Butch Wilmore da Suni Williams sun tashi a kumbon Starliner na Boeing ranar 5 ga Yuni, 2024, da nufin su yi kamar mako guda a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa. Ƙananan injinan da ke juya kumbon suka riƙa mutuwa, iskar hiliyam na yoyo. Makonni aka yi jami'ai na kwantar da hankali, 'yan jarida na maimaita tambaya ɗaya a kowane taro: a cikin wane kumbo za su dawo? Sai ƙarshen Agusta NASA ta ce Starliner zai koma babu kowa a ciki, su kuma ba su taka ƙasa ba sai 18 ga Maris, 2025, a kumbon SpaceX. Taron manema labarai wuri ne da jami'i yake amsawa da sunansa, a naɗe, a ajiye, a tuna masa gobe. Katin tantancewa shi ne ƙofar wannan ɗaki, shi ne kuma ke ba mutum layin wayar da zai yi tambaya ko daga nesa.

Maganar tsaro kuwa ba ta wasa ba ce, kuma duk wanda ya raina ta bai san abin da yake magana a kai ba. Roka tankin wuta ne mai tsayin bene hawa talatin, Cibiyar Kennedy tana maƙwabtaka da sansanin sojan Cape Canaveral, fasahar harba kumbo kuma 'yar uwar fasahar makami mai linzami ce. Dole a san wanda ya shiga, a binciki fasfonsa, a iyakance inda zai taka. Haka nan rumfar tana da iyaka, ba kowa za ta ɗauka ba. Akwai ma abin da ya dace a rufe don mutunci: lokacin da New York Times ta kai ƙara tana neman faifan muryoyin matafiyan Challenger na daƙiƙun ƙarshe, kotu ta fifita alhinin iyalansu, kuma ina ganin ta yi daidai, tunda an riga an fitar da rubutaccen abin da suka faɗa. Abin dubawa shi ne a raba tsaro da abin da ake fakewa da tsaro a yi. A 2011 majalisar dokokin Amurka ta amince da wani sashe na doka da ɗan majalisa Frank Wolf ya kawo, wanda ya hana NASA hulɗa kai tsaye da Sin, kuma a wannan shekara aka hana 'yan jaridar Sin kallon tashin ƙarshe na kumbon Endeavour. Mutumin da ke tsaye a kan ciyawa da nisan kilomita biyar, yana kallon abin da ake nuna wa duniya a talabijin, babu sirrin da zai sata. Siyasa ce aka sa mata rigar tsaro. Ma'aunin da ya dace wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta riga ta ajiye shi tun 1977, a shari'ar ɗan jarida Robert Sherrill da aka hana katin Fadar White House: a wallafa ƙa'idar hanawa, a gaya wa wanda aka hana dalili, a ba shi damar kare kansa, kuma kada abin da yake rubutawa ya zama ma'auni. Abin da ya faru a ma'aikatar tsaron Amurka a watan Oktoban 2025 ya nuna cewa wannan ƙa'ida tana iya zamewa ko a ƙasar da ta rubuta ta. An gindaya wa masu katin Pentagon sharuɗɗan da za su sa neman bayanin da ba a yarda a fitar ba ya iya jawo ƙwace kati, kusan duk manyan kafafen labarai suka ƙi sa hannu, wakilansu suka mayar da katunansu suka fice. Babu abin da zai hana wata rana a kwaikwayi wannan a filin harba kumbo idan ba a ɗaure ƙa'idar da kyau ba.

Babban giɓin yanzu yana wajen kamfanoni. Bayan da aka yi wa kumbunan NASA masu fukafukai ritaya a 2011, Amurka ta fara mayar da aikin kai mutane falaki hannun 'yan kasuwa. A 2014 hukumar ta ba Boeing kwangilar dala biliyan 4.2, ta ba SpaceX ta biliyan 2.6. Kamfani zai ce filinsa ne, kumbonsa ne, shi zai zaɓi baƙinsa. A tafiyar Inspiration4 ta watan Satumbar 2021, wadda attajiri Jared Isaacman ya biya kuɗinta, an ba Netflix da mujallar Time damar kusantar matafiyan, sauran duniya ta ɗauki abin da aka ga damar saki. Da mutum zai ce wannan tsakaninsu ne, tunda aljihunsu ne. To amma kumbon nan da kuɗin haraji aka taimaka aka ƙera shi, daga dandalin gwamnati na 39A ya tashi, da lasisin gwamnati, kuma irinsa ne ke ɗaukar ma'aikatan gwamnati. Ranar 20 ga Afrilu, 2019, wani kumbon Crew Dragon ya tarwatse a wurin gwaji. Kamfanin ya kira abin matsala kawai. Jama'a sun fara sanin girmansa ne daga hoton jan hayaƙi da wani mai ɗaukar hoto na jaridar Florida Today ya ɗauka daga bakin teku, kuma sai bayan kusan mako biyu kamfanin ya amsa cewa kumbon ya hallaka. Ƙari a kan haka, tun 2004 majalisar Amurka ta ɗaure hannun FAA game da kafa dokokin kare lafiyar fasinjojin kumbunan kasuwa, an kuma sha tsawaita wannan jinkiri. Fasinja na sa hannu ne cewa ya san haɗarin da ke ciki. Wanda aka ce ya yarda bisa sani, daga ina sanin zai zo masa idan mai sayar da tikiti ne kaɗai ke ba da labari? Inda hukuma ta ja baya, buƙatar ido mai zaman kansa ƙaruwa take yi. Tunda shirin shi ne a rufe tashar ƙasa da ƙasa wajen 2030 a koma tashoshin 'yan kasuwa, ya kamata sharaɗin barin 'yan jarida su shiga, bisa ƙa'idar da aka wallafa, ya zama cikin kowace kwangila da kowane lasisi.

Saura tambayar da mai karatu a Kano ko Damagaram zai iya yi: ina ruwanmu, ba shiga sharo ba shanu ba ne? Ba'amurke ma zai iya cewa da harajinsa aka ƙera rokar, don haka ɗan jaridarsa ne ya kamata ya fara samun kujera. Na yarda ya samu kaso mafi girma. Amma tun ranar farko tafiyar nan ba ta yiwu da ƙasa ɗaya ba. Lokacin da Ba'amurke John Glenn ya zagaya duniya sau uku ranar 20 ga Fabrairu, 1962, ɗaya daga cikin tashoshin da suka bi sawunsa suka yi magana da shi a Kano take, wata kuma a Zanzibar. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta ce bincikensa da amfani da shi na dukkan 'yan Adam ne, ta ɗauki 'yan sama jannati a matsayin manzannin bil Adama, ta kuma ɗora wa ƙasashe sanar da Majalisar Ɗinkin Duniya da jama'a abin da suke yi a can gwargwadon iko. Ranar 13 ga Disamba, 2022, a Washinton, Najeriya da Ruwanda suka zama ƙasashen Afirka na farko da suka sa hannu a Yarjejeniyar Artemis, ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, shi ya sa wa Najeriya. Cikin ginshiƙan yarjejeniyar akwai yin aiki a fili ba rufa-rufa. Ƙasar da aka nemi sa hannunta domin shirin ya samu sunan na duniya, 'yan jaridarta sun cancanci gurbi a rumfa. Abin da ake tattaunawa kuma ya wuce tuta da sawun ƙafa: ana maganar ƙanƙarar ruwa a kudancin wata, da wanda zai haƙa, da wanda zai hana wani matsowa. Ɗan jarida daga ƙasar da ta ga yadda haƙar mai ta yi da Neja Delta, ko yadda yuraniyam ɗin Arlit ya haskaka wasu biranen ya bar nasa, zai yi tambayar da ba za ta zo wa wakilin jaridar Amurka a rai ba.

A aikace, ba sai an rubuta wa ɗan Afirka “ba shiga” ba. Wa'adinsa ya fi gajarta, kati ba ya zama biza, layin ofishin jakadanci kuma bai san ranar harba kumbo ba. A watan Yunin 2025 gwamnatin Amurka ta sa Chadi da Sudan cikin ƙasashen da ta rufe wa 'yan ƙasarsu ƙofa. Ga kuɗin jirgi da masauki, ga tashin da ake ɗagewa saboda iska ko yoyon mai, kamar yadda Artemis I ya yi ta jinkiri daga ƙarshen Agusta har tsakiyar Nuwambar 2022. Ƙaramin gidan jarida ba zai iya ajiye wakili a Fulorida yana jiran hadari ya wuce ba. Ga masu sauraron Hausa kuma, dakatar da yawancin ma'aikatan Muryar Amurka a watan Maris na 2025 ya rage waɗanda suke zaune kusa da wurin, masu iya tambaya su dawo su yi bayani da harshenmu. Abin da ya rage mana galibi fassarar fassara ce. NASA na iya rage wannan tazara ba tare da ta taɓa tsaronta ba. Tun 2009 take gayyatar masu amfani da shafukan sada zumunta su zo kallon ayyukanta, wanda ke nuna cewa tana iya samar da wuri idan ta so. Sai ta keɓe kujeru ga kowace nahiya, ta ba wanda aka tantance takardar da za ta hanzarta masa biza, ta ba masu tambaya daga nesa dama daidai da na cikin ɗaki, ta kuma riƙa wallafa adadin waɗanda suka nema da waɗanda aka hana da dalilin hanawar.

Rabin laifin namu ne, domin ba a hana wanda bai nema ba. Ƙungiyar Editocin Najeriya da Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Ƙasa, NUJ, na iya yin karo-karo su tura wakili ɗaya ko biyu da suka san kimiyya, rahotonsu ya zama na kowa, a juya shi zuwa Hausa da Yarbanci da Ibo da Fulatanci. Hukumarmu ta sararin samaniya, NASRDA, wadda aka kafa a 1999, ta sanar a watan Yunin 2024 cewa ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Amurka mai suna SERA domin kai ɗan Najeriya sama a rokar Blue Origin. Ya kamata editocinmu su nemi ta rubuta tun yanzu yadda za a tantance 'yan jaridar da za su bi duk wata tafiya irin wannan, wa zai yanke hukunci, ina wanda aka hana zai kai kuka, kuma ta tabbatar cewa katin ba zai dogara da irin abin da mutum ya taɓa rubutawa a kan hukumar ba.